Filin Dubarar Hannu: Kwalliyar teburin suna da kintinkiri, ba da kuɗin rance ba

Ina gaida ƙungiyoyin Maraɗi da kewaye, da na Damagaram, da na Tawa, da ƴan uwanmu na Yamai, da duk wadda takardar nan ta iso hannunta ko aka karanta mata a wurin zubi. Allah ya sa albarka a asusunmu, ya raba mu da bashin da ba mu iya biya.

Yau zancen kwalliyar tebur na kawo muku, irin wadda ake yi da kintinkiri, wanda masu shagon kayan tela suke ce ma ruban. Na san wata za ta ce: "Haba Hajiya, ana fama da tsadar hatsi, ke kuma zancen fure kike?" Ki yi haƙuri ki ji dalili, don furen nan ya taɓa cinye mini tunkiya sukutum.

Yadda tunkiyata ta tafi

Shekara biyu da suka wuce na aurar da ɗiyata ta fari. Kafin bikin na je wata walima a cikin gari, na ga tebura an ƙawata su, ga furanni, ga ɗaure-ɗaure masu sheƙi, kowa na ɗaukar hoto da waya. Zuciyata ta ce ai ni ma ba a bar ni a baya ba. Ranar zubi na nemi rancen jikka 50 daga asusu, na ce gyaɗa zan saya in ƙara jarin mai da ƙuli-ƙuli. Allah ya yafe mini, ko tiya ɗaya ban saya ba. Jikka 30 na miƙa wa mai kwalliya, sauran 20 suka tafi a lemo da ƙanƙara.

Kwalliya dai ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma ana kiran magariba yaran mai kwalliya suka zo suka kwance kayansu, suka loda a amalanke, suka tafi. Abin da aka bar mini hoto ne a waya, sai bashi. A ƙungiyarmu, kowane wata ana ɗora kashi 10 cikin 100 a kan rance. Wato jikka 5 duk wata. Tun da ba a juya kuɗin ba, babu ribar da zan biya da ita. Wata huɗu ina biyan jikka biyar-biyar daga kuɗin cefane, uwar kuɗi tana nan ba ta motsa ba. A ƙarshe na kama tunkiyar da nake turke don layya na sayar. Ku lissafa: jikka 50 na karɓa, jikka 70 na biya.

Abin da ya fi tunkiyar ciwo shi ne ranar da ma'ajiyarmu, wadda ta girme ni nesa, ta ja ni gefe bayan an kulle akwati. Ta ce: "Ƙanwata, mun sani fa. Ba mu ga mai ba, ba mu ga ƙuli ba, biki munka gani. Kuɗin nan gumin mata talatin ne." Ban iya ɗaga kai ba.

To, watan jiya yarinyar ta sauka lafiya a gidana, tun da haihuwar fari ce, ta zo gida. Taron mata na ranar suna a tsakar gidana za a yi, kwana bakwai kacal gare ni. Zuciyar nan ta sake motsawa. Sai na tuna da tunkiya. Na je wurin ma'ajiya na ce: "Yaya, wannan karon hannu nake roƙo, ba kuɗi ba." Ta yi dariya ta ce: "Yanzu kinka zo. Mi za mu yi?" Mu shida muka zauna yamma uku, muka ƙawata tebur uku. Duk abin da na kashe bai kai jikka 6 ba, kuma kayan suna nan a hannunmu. Yadda muka yi shi ne zan zayyana muku.

Kayan da za ki tanada

Na saye kaɗan ne: naɗin kintinkiri biyu, launi biyu, mai faɗin santimita 2 da rabi, wato kamar faɗin babban yatsa da ɗan ƙari; zare mai ƙarfi; allura; da fil irin mai kullewa. Sauran duk a gida suke: almakashi mai kaifi, kyandir da ashana, gwangwanayen madara ko na tumatir matsakaita, yashi, tsinken tsire ko tsinken tsintsiya mai kauri, tsoffin maɓallai, guntun kwali, da farin ƙyalle ko zanen gado mai tsabta na shimfiɗawa.

In kin shiga wurin masu kayan tela, ko a babbar kasuwar Maraɗi, ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a Wadata ta Yamai, ki lura da abu huɗu.

Na farko, ki sayi naɗi guda, kada ki saya mita-mita. Yankan mita ya fi tsada, kuma in ya ƙare miki ba lalle ki sake samun launin daidai ba.

Na biyu, in kin ga an rubuta 25 a jikin kwalin naɗin, yawanci yadi ake nufi. Yadi bai kai mita ba, santimita 91 ne da ɗan ɗoriya. Yadi 25 kuwa kusan mita 23 ke nan. Kada ki yi lissafi da mita 25 ki zo ki rasa biyu.

Na uku, ki tafi da ɗan yankin atamfar anko ko zanen da mai jego za ta ɗaura, ki zaɓi launi biyu daga cikinsa. Ki fito da naɗin waje ki duba a hasken rana, don fitilar shago tana ruɗin ido. Launi biyu sun isa, farin shimfiɗa shi ne na uku. In launi ya yi yawa, tebur sai ya koma kamar rumfar mai koli.

Na huɗu, kintinkiri iri-iri ne. Akwai mai santsi da sheƙi, shi ne ya fi kyau a fure da ɗauri. Akwai shara-shara mai kama da gidan sauro, yana da kyau amma allura tana wahala a cikinsa. Akwai kuma siriri na leda da ake ɗaure kyauta da shi. Wannan ba a ɗinka shi, sai dai in kin ja shi a kan bakin almakashi ya nannaɗe ya zama kamar gashin da aka murɗe. Mu mai santsin muka ɗauka.

Auna kafin ki yanka

Abin da aka yanke ba ya komawa, don haka a fara da kaye da biro. Teburan da muka ara tsawon kowane mita 1 da santimita 80 ne. Ga lissafin tebur ɗaya:

Layi uku da za su bi tsawon tebur, kowane ya zubo santimita 20 ta kowane gefe: mita 2 da santimita 20 sau uku, mita 6 da santimita 60.

Fure goma, kowane santimita 30: mita 3.

Ɗamarar gwangwani biyu, kowace santimita 60: mita 1 da santimita 20.

Ɗaurin kusurwa huɗu, kowane santimita 80: mita 3 da santimita 20.

Jimla mita 14. Tebur uku mita 42 ke nan. Naɗi biyu kuwa sun kusa mita 46, kin ga akwai rarar kusan mita 4 ta kuskure da gwaji. Don kada launi ɗaya ya riga ɗaya ƙarewa, mun raba su haka: launi na farko ya ɗauki layi biyu na gefe, da ɗamarar gwangwani, da fure biyar, na biyu ya ɗauki layin tsakiya, da ɗaurin kusurwa, da fure biyar. Kowane ya tashi wajen mita 7 a tebur.

Wadda ba ta da abin awo na tela, hannunta ya ishe ta. Taƙi ɗaya na babbar mace ya kusa santimita 20, don haka fure taƙi ɗaya da rabi ne, ɗaurin kusurwa taƙi huɗu. Amma tun da hannu ya bambanta, mace ɗaya ta auna, a yanki kwali daidai tsawon, kowa ta riƙa ɗorawa a kai tana yanka. Haka ne furanni za su fito kai ɗaya.

Kashe baki

Kintinkiri mai santsi da zaren roba ake saƙa shi. Da kin yanka, bakin zai fara zarewa. Maganinsa wuta: zaren roba narkewa yake yi, ya manne, ya daina warwarewa. Ki kunna kyandir, ki riƙe guntun da nisa kaɗan daga baki, ki gitta shi da sauri ta gefen harshen wutar, can ƙasa kusa da lagwani, inda ba hayaƙi. In kin kai shi saman harshen zai yi baƙi. Kada ki taɓa bakin nan take, narkakkiyar roba tana manne wa fata ta ƙone ta.

Wannan aikin mace ɗaya za a ba, ta zauna nesa da tarin kintinkiri, ta ɗaure mayafinta ta baya, da kwanon ruwa kusa da ita. Yawancin mayafan da muke yafawa yanzu su ma na roba ne, wuta ba ta yi musu da wasa. Yara kuma a kore su daga wurin har a kashe kyandir.

Fure mai tattara

Shi ne mafi sauƙi, duk wadda ta taɓa yi wa siket tattara ta iya shi.

Ki ɗauki guntu mai santimita 30 da aka kashe wa baki. Ki zura zare ninki biyu, ki ƙulla. Ki bi gefe ɗaya na tsawonsa da ɗinkin tsallake, shiga-fita, kusa da baki sosai, tazarar kowane ɗinki kamar ƙwayar shinkafa. In kin kai ƙarshe, ki ja zaren a hankali. Kintinkirin zai tattaru ya lanƙwasa da kansa ya zama da'ira. Ki ja har ramin tsakiya ya kusa rufewa, ki ƙulla. Sai ki haɗa bakin farko da na ƙarshe ta baya da ɗinki uku ko huɗu. Ki ɗinka maɓalli a tsakiya ya rufe ramin. Shi ke nan, fure ya fito, faɗinsa wajen santimita 5.

Ga ƙa'idar da za ta yi miki amfani ko da kin sami wani faɗi daban: tsawon guntu ya zama ninki 10 zuwa 12 na faɗinsa. Mai faɗin santimita 4 zai so santimita 40 zuwa 48. In ya gaza haka da yawa, furen zai kumbure kamar mazurari ya ƙi kwanciya; in ya zarce, tattarar za ta cushe ta rasa tsari.

Na farko zai ɗauke ki lokaci, wataƙila ya karkace. Kada ki damu. Nawa na farko sai da ma'ajiya ta ɗaga shi ta ce: "Wanga fure ne ko kunnen akuya?" Kafin na yi na huɗu hannu ya faɗa. Mu shida, kowa ta yi biyar, talatin suka cika a zama ɗaya, ana hira ana shan shayi.

Don sa masa kara, ki yanki ɗan ƙyalle zagaye kamar girman dala ashirin, ki ɗinka shi a bayan furen, ki bar ƙasa a buɗe kamar aljihu. Nan za ki zura tsinke. Ki fara karye tsinin da zai shiga aljihun don kada ya huda. Mun guji gam da gangan: abin da aka manne ya mannu ke nan, wanda aka ɗinka kuwa ana zare tsinken a ajiye furen don wani bikin.

Wadda ba ta da kuɗin naɗi ma ba a bar ta ba. Ki je wurin telanku ki roƙi yanke-yanken atamfa da shadda da yake sharewa. Sai dai auduga ba ta narkewa, kamawa take yi da wuta, don haka kada ki kai ta kusa da kyandir. Ki yanki ƙyallen da faɗin santimita 6, ki ninka shi biyu a tsawonsa, ki bi da ɗinkin tsallake ta wajen bakuna biyun da aka yanka. Ninkin zai zama bakin fure na waje, zare-zaren kuma su ɓuya a ƙarƙashin maɓalli. In ƙyallen ya yi laushi, ki tsoma shi a ruwan sitaci ko na ƙaro, ya bushe, ki goge kafin ki ɗinka. Wata cikinmu ta yi irinsa da ragowar anko, har ya fi na saye jan ido.

Gwangwanin tsakiyar tebur

Ki wanke gwangwani da toka ko sabulu, ki cire takardar jikinsa, ki shanya. Ki duba bakin ciki inda aka yanke murfi: in akwai kaifi, ki dandaƙe shi da guduma ko dutse har ya kwanta. Ki zagaya zare a jikinsa ki ga kewayensa, ki ƙara santimita 2, ki yanki farin ƙyalle ko ragowar atamfa daidai haka, tsayinsa ya ɗara gwangwanin da yatsa biyu. Ki naɗa, ki ɗinke ta baya, ki tura rarar sama zuwa ciki. Sai ki ɗaura masa ɗamarar kintinkiri a tsakiya, ki yi ɗan ƙaramin ɗauri a gaba.

Ki zuba yashi ya kusa cika. Yashin aiki biyu yake yi: yana riƙe tsinke a tsaye, yana kuma ba gwangwani nauyi. Ki soka fure biyar, ɗaya a tsakiya ya ɗan fi tsayi, huɗu kewaye da shi sun ɗan karkata waje, launi a gauraye. Duka tsayin daga tebur kada ya wuce taƙi ɗaya da rabi. Baƙi sun zo ganin juna ne da mai jego, kada fure ya tare musu fuska.

Shimfiɗa da kusurwa

Ki goge farin ƙyalle ki shimfiɗa. In kintinkirin ya yamutse, ki goge shi da dutsen guga mai ɗumi kawai, ki ɗora wani ƙyalle a kai. In dutsen ya yi zafi zai narkar da shi. Ki ja layin tsakiya tukuna, ya bi tsakiyar tebur, wajen sheƙi yana sama. Sai ki sa biyun gefe, tazarar yatsa biyu tsakaninsu da na tsakiya. Ki kama kowane layi da fil ta ƙarƙashin ƙyalle a ƙarshen tebur, ki ƙara ɗinki ɗaya a tsakiya don kada kwano ya ja shi.

A kowace kusurwa, ki tattara ƙyallen da ya zubo kamar yadda ake tattara bakin buhu, ki zagaya shi da guntu mai santimita 80, ki ƙulla sau ɗaya, ki yi kunnuwa biyu ki ƙulla su da juna. Kintinkiri mai santsi yawanci fuska ɗaya ce ke sheƙi, don haka ki murɗa shi da yatsa yayin ƙullin, sheƙin ya fito waje. Wutsiyoyin biyu ki ninka kowace a tsawonta, ki yanka a karkace yadda wajen ninkin zai fi guntu. In kin buɗe za ki ga baki biyu kamar wutsiyar kifi. Wannan yankan a yi shi tun wurin kashe baki. Ɗaurin kusurwa ba ado kaɗai ba ne, yana hana iska ɗaga shimfiɗa, yana hana yaro mai rarrafe kama ta ya jawo kwanoni kansa.

Mu da muke zama a tabarma fa?

Gaskiya ce, yawancin bukukuwanmu a tabarma ake zama. Tebur bai wuce na ajiye abinci, da na kayan barka, da wanda ake sa wa a gaban mai jego ko amarya ba. Shi ya sa uku suka ishe ni. Wadda ba ta da tebur ko ɗaya, ga faifai nan. Ki ɗinka fure ɗaya a tsakiyar faifan da za a rufe fanke ko dubulan ko alkaki, ko ki zagaya bakinsa da kintinkiri kina kama shi da zare nan da can. Ƙwaryar fura ma in an ɗaura wa faifanta fure, sai ta fito kamar ta gidan sarauta. Uwar mijin yarinya da ta zo, faifan ta fara ɗagawa ta ce: "Hajiya, ina kunka samo wanga?" Na ce mata: "Hajiya, hannun ƴan ƙungiya ne." Kafin ta tafi sai da ta roƙi biyu.

Kurakuran da muka yi, kada ku maimaita

Gwangwani ɗaya yashi ya ƙare, muka ce ba komai, muka sa shi haka. Iskar hantsi ta taso ta kifar da shi cikin robar zoɓo. Fure biyar suka tashi daga aiki. Kada gwangwani ya hau tebur babu nauyi a cikinsa, musamman lokacin hunturu.

Na biyu, mun shimfiɗa tebur ɗaya tun dare don mu rage aiki. Kafin safe ƙura ta sauka, kaji sun hau. Ku haɗa komai ku rufe a ɗaki, shimfiɗa kuwa sai ranar, awa ɗaya ko biyu kafin baƙi.

Na uku, launi mai duhu wani lokaci yana zuba in ya jiƙe. Kafin ki ɗora ja ko shuɗi a kan farin zanen da kika aro, ki jiƙa ɗan guntu ki danna a kan tsumma fari. In ya bar alama, kada ki ajiye kofi ko kwalba mai sanyi a kansa.

Na huɗu shi ne mafi girma. Bayan zama na biyu muka rasa allura ɗaya, a gidan da ke cike da yara marasa takalmi. Sai da muka kaɗe tabarma muka tace yashin wurin kafin aka gan ta. Tun daga nan, a ƙirga allura kafin a fara, a ƙirga bayan an gama. Maɓalli da duwatsun ado kuma a ɗinke su da kyau, don ƙaramin yaro komai baki yake kaiwa, kuma irin waɗannan suna shaƙe yaro.

Bayan an watse

Don tuwon gobe ake wanke tukunya. Da baƙi suka ragu, muka zare tsinkaye, muka zubar da yashi, muka kwance ɗauri. Dogayen layuka muka naɗe a jikin kwali don kada su karye. Waɗanda miya ta taɓa muka wanke da ruwan sanyi da ɗan sabulu, ba murza, muka shanya a inuwa, don rana tana cinye launi. Furanni muka jera a bokiti mai murfi, ba a danne su ba.

A zubin da ya biyo baya na kawo bokitin gaban ƙungiya. Aka tattauna, aka mayar mini da abin da na kashe, kayan suka zama na ƙungiya. Magatakarda ta rubuta su a kaye: fure 25, layi 9, ɗaurin kusurwa 12, gwangwani 6. Aka yanke cewa ƴar ƙungiya za ta ara da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta waje kuma ta biya haya, wadda ta ɓatar ko ta ƙona ta maye. Kuɗin hayar a tara a ƙara sayen wani launi. Kowace ƙungiya ta san garinta, ku zauna ku yanke naku farashin a gaban kowa, a rubuta, don kada bokitin fure ya raba zumunci. Tun da aka fara tafiyar Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi a 1991, abin da ya riƙe ta shi ne komai a fili ake yin sa, a gaban idon kowa.

Kada a ce na hana a kira masu kwalliya. Da yawansu ƴan uwanmu ne mata, sana'arsu ce, da ita suke ci da ƴaƴansu. Wadda Allah ya hore wa, ta kira su ta biya da kuɗinta. Abin da nake ja mana kunne a kai shi ne rancen asusu. An ba ki shi ne ki juya ya haihu. In kin zuba shi a abin da za a kwance kafin isha'i, da me za ki biya? Wadda kuma ba ta da ko kuɗin naɗi ɗaya, ba ta da lokacin zama, ta share gidanta ta shimfiɗa zane mai tsabta, wallahi ya wadatar. Ba a taɓa fasa raɗa wa yaro suna don babu fure ba.

Ranar sunan da yamma, ma'ajiya ta zo tafiya, na rako ta bakin ƙofa. Ta dubi garke ta ga ƴar tunkiyar da na saya bana tana tuƙa. Ta ce: "Ƙanwata, wagga dai ta tsira." Na ce: "Yaya, da yardar Allah sai layya."

In wata ƙungiya ta gwada, ko a Tasawa, ko Madarunfa, ko Mirya, ko Magarya, ko Ƙonni, ko Madawa, ku aiko mana da labari ta hannun wakiliyarku, har da inda abin ya ƙi, don mu koya daga juna. A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake lissafin abincin taro, tiya nawa ta ishi mutum nawa, don a daina dafa abin da za a zubar.

Allah ya raya abin da aka haifa, ya ba masu jego lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun sake saduwa.